Tunkiyar Kakan Daniyel

Tun da na dawo daga Doha ban huta ba. A coci, a kasuwar Malumfashi, a gidan suna, kowa sai ya tare ni: "Malama Ladi, yaya ƙasar Larabawan? Yaya Baturen?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda ta ji sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai wa ta gaba. Shekaranjiya wata ta ce mini ta ji a kan raƙumi aka ɗauko ni daga filin jirgi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi da hannuna, mai so ya karanta, ni kuma in huta.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike ne. Rahila, 'yar yayana Bitrus, nas ce a can, shekararta shida. Ta aiko gida cewa ta sami miji, Ba'amurke, sunansa Daniyel, yana gyaran injuna a wajen aikin gas. Yaya Bitrus ya ce sam. Ba wai don Bature ne ba, a cewarsa, sai don ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da ba a san asalinsa ba. Rahila kuma ta rantse ba za ta yi aure ba sai da albarkar ubanta. Ga shi aikin Daniyel saura wata biyu ya ƙare, ya koma ƙasarsu. Yaya hawan jini ya hana shi tafiya, sai ya kira ni.

"Ladi, ke kika yi shekara talatin kina kama yara da ƙarya a aji. Je ki dubo mini. Kin san abu ukun da ake tambaya."

Wa bai sani ba? A ƙasarmu kafin a ba da 'ya sai an bincika ko a dangin miji akwai sata, ko hauka, ko kuturta. Yaya ya lissafa su da yatsunsa. Da ya zo kan na ukun bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. "Abin da kika gani shi za ki faɗa mini," in ji shi. "Idan da tabo ko ɗaya, magana ta mutu."

Ni dai, Allah ya gani, murna ta fi ƙarfin damuwata. Ni da ban taɓa wuce Abuja ba, yau ga ni da fasfo! Kwana uku ina ɗaure kaya ina kwancewa.

Rahila ta ce in kawo mata daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Daddawar nan ita ta fara jawo mini magana. Mun ɗauki hanyar Kano da sassafe, ba mu kai Dayi ba rana ta fara dukan motar, jakata kuma ta fara magana. Wani alhaji a gaba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, miya kike kaiwa Kano ko gawa?" Na ce masa shi da ke cin ta kullum bai taɓa ƙorafi ba sai yau. Kusa da Gwarzo taya ta fashe, muka yi awa guda a gindin wata tsamiya, ni ina ta duban agogo kamar jirgin zai gan ni ya jira.

A filin jirgin Kano na ci karo da matakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya ina kallonta tana kallona. Wata mata mai fara'a ta kama hannuna ta ce, "Mama, taka kawai, kada ki yi tunani." Ashe likita ce 'yar Gusau, ita ma Doha take aiki, kuma kujerarta na kusa da tawa. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta nuna mini banɗakin jirgi, wanda da na danna abin ruwansa ya yi wata irin ƙara har na ɗauka ni zai zuƙe. Da jirgin ya ɗaga na rera waƙar yabo a zuciyata baiti uku, likitar tana karanta nata addu'o'in a gefena. Bayan nan kuwa sai daɗi. Na leƙa na ga gajimare a ƙasa da ni, na yi ta dariya ni kaɗai kamar yarinya.

Da muka sauka, wani jami'i ya buɗe jakata ya ciro ƙullin kuka. Koren gari, a leda, an ɗaure da zare. Ya dube shi, ya dube ni. Na yi masa Turancin aji shida cewa miya ce, bai gamsu ba. Sai na lakata na sa a baki, na miƙa masa shi ma ya ɗanɗana. Likitar ta iso ta yi masa bayani da Larabci. Ya kai hannu kan daddawa, ya buɗe kaɗan, ya rufe da sauri ya ce, "Halas, halas, yalla!" Kalmomin Larabcin da na fara koya ke nan: an gama, wuce.

Rahila na hango ni ta ruga ta rungume ni tana "Goggo! Goggo!" har ɗankwalina ya faɗi. Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi kyau. Muna fita ƙofa zafi ya mare ni kamar na leƙa tukunyar tuwo. Na ce mata, "Ke, a nan kuke zaune da gangan?"

Gidanta a wata unguwa ce da ake kira Bin Mahmud, hawa na bakwai, ɗaki biyu da falo, su biyu da wata nas 'yar Pankshin da kullum tana wajen aiki. Waje wuta, ciki kuma na'urar sanyi ta sa na kwana da suwaita a tsakiyar hamada. Washegari Rahila ta tafi diyuti, ni kuma na ce baƙo ba ya kwana a unguwa bai gaida maƙwabta ba. Na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Wani Ba'indiye ya buɗe a firgice yana tambaya ko gobara ce. Na ce a'a, gaisuwa ce. Ya tsaya yana jiran sauran maganar, ni ma na tsaya. Da Rahila ta dawo na ba ta labari, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Shekararta uku a gidan, ba ta san sunansa ba.

Abubuwa da yawa a can a juye suke. Ranar Juma'a muka je coci, domin ita ce ranar hutu, Lahadi kowa na wajen aiki. A cocin na ji ana waƙa da Hausa, 'yan Kagoro da 'yan Biliri da 'yan Zuru, sai hawaye ya zubo mini. Shayi kuwa ba ka sauka daga mota: ka tsaya ka danna oda, a kawo maka shi a ɗan kofi, mai kauri da madara da kayan ƙamshi. Sunansa karak. Na sha uku a tsaye ɗaya. Shinkafarsu da naman rago ma ba laifi, sai dai akwai wani baƙin busasshen lemun tsami a ciki da na ɗauka nama ne na gartsa masa haƙori. Har yanzu in na tuna sai yawun bakina ya tsinke.

Na ce surukin nan da tuwo zan gwada shi, amma gidan Rahila ko muciya babu. Muka shiga tasi zuwa Al Asmakh, tsohuwar unguwa mai ƙananan shaguna, inda na ɗan ji ƙamshin Sabon Gari. Direban ya ji muna Hausa sai ya amsa mana da tasa, irin ta zangon Kumasi. Kafin mu isa ya san duk abin da ya kawo ni, don ni ba na iya riƙe magana a mota.

"Asalin Ba'amurke?" in ji shi. "Mama, kin sha wahalar banza. Ina ɗaukar su kullum. Mutanen nan ko sunan kakansu ba su sani ba."

Rahila ta juya tana kallon taga. Muciya dai ba mu samu ba, sai wani dogon cokalin katako na Indiyawa, da shi na tuƙa.

Ranar Asabar da rana suka zo. Daniyel dogo ne, har sai da ya sunkuya a ƙofa. Yana shiga ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ina wuni, Goggo," gwiwarsa ta yi ƙara. Na san aikin Rahila ne, amma ya burge ni. A bayansa ga wata 'yar tsohuwa mai farin gashi, rungume da jaka kamar mai goyo. Mahaifiyarsa ce, Mama Helen. Ashe ita ma takanas ta taso daga Amurka don ta ga yarinyar da ɗanta ya nace wa. Muka dubi juna, ni da ita, kowace ta gane aikin da ya kawo 'yar'uwarta, sai muka fashe da dariya.

Daniyel ya ci tuwo da miyar kuka da hannu, ya ƙara. Mama Helen ta yi loma uku ta ce yana da ban sha'awa, ta sha ruwa da yawa. Da aka kwashe kwanuka na gyara zama, na ce Rahila ta fassara inda Turancina ya gaza, don nasu ta hanci yake fita. Na ce a al'adarmu ba a ba da 'ya sai an san tushen miji.

Idon matar nan ya kawo haske. Ta ce, "Shekara ashirin ina jiran wanda zai yi mini wannan tambayar!" Ta zuge jaka ta ciro littafi mai kaurin Littafi Mai Tsarki na kan bagade. Ita ta haɗa shi, tana bin coci-coci da maƙabartu da tsofaffin takardun kotu.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kaka goma, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na matarsa da na 'ya'yansa, har waɗanda suka mutu a goye. Na farkonsu sunansa Josiya. Daga Ingila ya tsallaka teku a jirgin ruwa mai tafiya da iska, tun Amurka ba ta zama ƙasa ba. Ya yi shekara bakwai yana bauta a gonar taba ta wani mai gida, sannan aka sallame shi da gatari da fartanya. Ya shiga daji ya sare itatuwa, ya gina ɗaki da gungume, ya auri wata Marta, suka haifi tara, biyar suka rayu. Jikokinsa suka ɗaura kaya a keken shanu suka nausa yamma. Akwai wadda ta haihu a hanya a ƙarƙashin keken. Akwai maƙeri, akwai mai wa'azi, akwai wanda alfadari ya harbe. Mama Helen ta nuna mini wani shafi ta ce dajin da suka sare ɗin ma yana da masu shi, an kore su ne, kuma ta rubuta wannan don kada jikoki su ce ba su sani ba.

Ni fa daɗi ya gama kashe ni. Ina buɗe shafi ina tafa hannu ina cewa, "Rahila, kin ga asali! Ina direban nan yake?" A raina har na fara shirya yadda zan yi wa Yaya albishir. Sai malantar ta motsa, na yi tambaya ɗaya da ta rage. Na ce, shi Josiya me ya raba shi da garinsu?

Mama Helen ta ƙyalƙyale da dariya. "Au, ai shi ne wurin da ya fi daɗi! Tunkiya ya sata."

Rahila ba ta fassara ba. Ba ta buƙata, na ji da kunnena.

Matar nan ta koma shafin farko da murnarta, ta nuna mini hoton takardar kotu. An kama shi da tunkiyar wani a shekarar yunwa, yana ɗan sha tara. Hukuncin rataya ne, aka sassauta aka sa shi a jirgi. Ta ce babban hoton takardar yana rataye a falonta, kuma duk shekara in dangi sun taru sai an gasa naman tunkiya an tuna da shi. Daniyel yana ta murmushi yana gyaɗa kai, bai san an gama da shi ba. Rahila ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Kuma kuka rubuta? Kuka rataye a falo?"

Ta ce, "To me za mu ɓoye? Yunwa ya ji. In ba don tunkiyar nan ba, da babu ko ɗayanmu."

Na mayar da idona kan takardar. Ita kuwa ta wuce shafin ƙarshe, inda sunan Daniyel yake, da fili a gefensa. Ta ce in Allah ya yarda nan sunan Rahila zai shiga, kuma ba ta sa mace a littafinta ita kaɗai kamar daga sama ta faɗo. Tana son iyayenta da kakanninta. Ta miƙo mini biro.

Na faɗi sunan Yaya Bitrus ina rubutawa. Na faɗi na mahaifinmu, Ɗan'azumi. Ta ce, mahaifiyarsa fa? Na ce Iya Babba. Rahila ta bayyana mata cewa wannan ba suna ba ne, kira ne na girmamawa. Ta ce to sunan fa? Matar da ta goya ni, ta yi mini tatsuniya, ban san sunanta ba. Na ce mu ba ma kiran sunan manya, kunya ce. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba.

Iya Babba ba ta da yatsu. Muna yara aka ce mana wuta ce ta cinye su, haka muke faɗa wa kowa. Sai da na girma na gane kuturta ce. Danginta sun kai ta bakin asibitin kutare na mishan da jariri a bayanta, suka juya. A can ta warke, a can ta karɓi bangaskiya, a can mahaifinmu ya koyi karatu. Duk abin da gidanmu ya zama, daga ƙofar asibitin nan ya fara. Amma da aka tashi neman wa Yaya aure, aka tura ta ƙauye wata biyu har masu bincike suka gama. Bayan ta rasu ba a ƙara ɗaga maganarta ba. Na ce wa Mama Helen ta bar mini littafin zuwa gobe.

Suna fita Rahila ta durƙusa a gabana tana kuka. "Goggo, don Allah kada ki faɗa wa Baba tunkiyar. Ki ce maƙera ne, ai akwai maƙeri a ciki."

Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, amma na ce mata ban taɓa yi wa Yaya ƙarya ba, kuma auren da aka ɗaura a kan ɓoyo na ga yadda yake cin mutane.

Da safe bayan Yaya ya sha maganinsa na kira shi, Rahila na tsaye a ƙofar kicin. Na ba shi labarin kaka goma, da keken shanu, da mai wa'azi. Yana ta "Madalla, madalla." Sannan na ce, "Amma na farkonsu ɓarawo ne. Tunkiya ya sata, aka kore shi daga ƙasa."

"Shi ke nan," in ji Yaya. "Na faɗa miki. Ki ce wa Rahila ta yi haƙuri. Wa ya tona miki?"

"Ba wanda ya tona. Uwarsa ce ta nuna mini da hannunta. A falo suka rataye takardar."

"A falo?"

"A falo. Kuma Yaya, sun ba ni biro in rubuta namu. Na rubuta kai, na rubuta Baba. Na zo kan Iya Babba na tsaya. Ban san sunanta ba. In sun tambaye ni abu ukun nan da ka lissafa mini, me zan ce game da hannuwanta? Wuta?"

Na ɗauka layin ya yanke, sai na ji zakaran gidansa yana cara a Malumfashi. Na ji numfashinsa. Tunda muke ban taɓa yi masa magana irin wannan ba.

Can ya ce, "Tunkiya nawa ce?"

"Ɗaya."

"Yunwa ce?"

"Yunwa ce, Yaya."

Da ya sake magana, muryarsa ba irin wadda na sani ba ce. "Ni na raka ta tasha ranar da aka tura ta ƙauye saboda aurena. Na ɗaukar mata ƙullinta. Ta ce mini kada in damu, ita ma tana son in sami mata." Ya yi tari. "Biron na hannunki?"

"Yana hannuna."

"Tasalla. Sunanta Tasalla. Ki rubuta da manyan baƙaƙe, irin na allo. Ki rubuta ciwon da ta yi, kada ki ce wuta. Ba ni Rahila."

Na miƙa mata wayar, ta shige ɗaki da ita, ina jin kukanta da dariyarta a haɗe. Ni kuma na zauna na buɗe shafin ƙarshe. Shekara talatin ina rubutu a allo, sai ranar na fara rubuta sunan kakata.

Da Mama Helen ta zo karɓar littafinta ta sa tabarau ta karanta, Rahila na fassara mata. Ta tambaye ni yadda ake faɗin sunan, ta maimaita sau uku har ta iya. Daga nan ta ce a ƙarƙashin kowane suna tana sa layi ɗaya na abin da mutum ya yi a duniya, me za a sa wa Tasalla? Na karɓi biron na ƙara da kaina: ba ta da yatsa ko ɗaya, kuma ita ta raine mu duka.